Ba duk kanwar ja ce ba: yadda ake tantance ma'adinan kwarurukan Gure

A kasuwannin gundumar Gure, cikin jihar Damagaram, buhu biyu na farin abu kan yi kama da juna kamar an tsaga kara, alhali abin da ke cikinsu ya bambanta. Makiyayi na neman kanwar lasa, uwargida na neman ta miya, majemi kuma gwangwarasa yake so. Wanda ya yi kuskure zai iya biyan kuɗin kanwa ya kai yashi gida. Masana ilimin ma'adinai suna da hanyoyin raba waɗannan abubuwa, kuma galibinsu ba su buƙatar na'ura: ruwa, lemun tsami, zoɓo, farce da wuƙa sun isa a fara.

Mene ne ma'adini?

Ma'adini abu ne daskararre da ya samu a ƙasa ba da hannun mutum ba, mai sinadarai sanannu da tsarin ƙwayoyi nasa na kansa. Dutse kuwa tarin ma'adinai ne. Daga sinadaran da tsarin ne kowane ma'adini ke samun halayensa: tauri, nauyi, sheƙi, yadda yake tsagewa, da abin da yake yi idan ya haɗu da ruwa, tsami ko wuta. Ƙa'idar farko ita ce, ba a yanke hukunci da alama ɗaya. Sai biyu ko uku sun yi daidai.

Inda kanwar Gure ke fitowa

Garin Gure yana kimanin kilomita 160 gabas da birnin Damagaram, a gindin duwatsun Muniyo. Daga kudancinsa har zuwa Gudumariya da Maine-Soroa a jihar Diffa, akwai ɗaruruwan kwaruruka a tsakanin tuddan rairayi, waɗanda ake kira « cuvettes » da Faransanci. Tsarinsu kusan ɗaya ne: goruba a zagaye, dabino da garake daga ciki, sannan fili fari fat a tsakiya.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa a kwari ba shi da nisa. Yana hawowa ta cikin laka kamar yadda kananzir ke bin lagwani, rana da iskar hunturu su ɗauke ruwan, abin da ya narke a cikinsa ya rage a sama. Ma'adinan da ba su cika narkewa ba, irin su farar ƙasa, su ke fara daskarewa. Masu saurin narkewa, wato kanwa da gishiri, sai daga baya, a wuri mafi zurfi. Shi ya sa kwari ɗaya kan ba da kaya iri-iri gwargwadon wurin da aka kankaro da watan da aka yi aikin.

Sana'ar ta daɗe. Bajamushe Heinrich Barth ya bi ta Gure a watan Disamba na 1852, ya kuma bayyana tafkunan kanwa na ƙasar Muniyo. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1986 kan cinikin gishiri a tsakiyar ƙasashen Sudan, ya nuna yadda fatake ke kai kanwar Muniyo da Mangari zuwa Kano da ƙasashen kudu, kowane iri da sunansa da farashinsa.

Manyan iri-iri

- Kanwa. Mafi yawanta ma'adinin da masana ke kira trona ne, haɗin karbonat da bikarbonat na sodiyom. Taurinta 2,5 ne. Ana samun fara, ja, da ta gari.
- Ungurnu. Ita ma trona ce, amma dunƙulalliya mai ƙarfi, wadda aka fi sani daga gaɓar tafkin Cadi.
- Gwangwarasa. Galibinta sulfat na sodiyom ne (Na₂SO₄). Majema sun daɗe suna aiki da ita.
- Gishiri. Kulorur na sodiyom (NaCl). Bezar Bilma na cikin mafi tsabta a ƙasar nan.
- Manda. Haɗi ne da mutum ke sarrafawa: a kankaro ƙasa mai gishiri, a tace da ruwa, a dafa a tukwanen yumɓu har ya daskare. Akwai gishiri a ciki tare da sulfat da karbonat.
- Jibs da farar ƙasa. Sulfat na kalsiyom da karbonat na kalsiyom. Su biyun ne ake haɗawa a aikin siminti, kamar a Malbaza.

Kalmar « natron » ta Faransanci tana da alaƙa da Wadi Natrun na Masar, inda mutanen zamanin Fir'auna ke ɗibar kanwa don busar da gawa. Daga wannan tushe ne alamar sodiyom, Na, ta fito.

Launi ba shaida ba ne

Hausawa kan ce duk kanwar ja ce idan abubuwa biyu ba su da bambanci. Wajen sinadari akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin jar kanwa da farar kanwa kan zama ma'adini ɗaya. Laka, ƙasa mai tsatsar ƙarfe da ragowar ƙananan halittun ruwa ne ke rina ɗayar. Sai dai akasin haka ma na faruwa: farar kanwa, gishiri, gwangwarasa da jibs duk farare ne, amma babu abin da ya haɗa aikinsu. Don haka launi yana nuna hanya kawai, gwaji ke tabbatarwa.

Gwajin ruwa

A jefa ɗan gutsure a kofin ruwa mai ɗumi, a motsa. Kanwa, gishiri da gwangwarasa za su narke. Lita ɗaya ta ruwa tana narkar da kusan giram 360 na gishiri, amma jibs wajen giram 2 kawai, farar ƙasa kuwa kusan ba ta narkewa.

Wannan gwaji na da amfani ga mai sayen buhu. A auna giram 100, a narkar a lita ɗaya ta ruwan ɗumi, a tace da ƙyalle, a shanya abin da ya rage, a sake aunawa. Idan giram 30 ya rage, to kashi 30 cikin 100 na kayan yashi ne da laka, kuma a kan haka ya kamata a yi ciniki.

Gwajin tsami

A ɗiga lemun tsami, ruwan tsamiya ko binegar a kan gutsuren. Duk ma'adini mai karbonat zai yi kumfa, saboda iskar gaz karbonik da ke fita. Kanwa na yi nan take. Farar ƙasa ma na yi, musamman idan an daka ta. Gishiri, gwangwarasa da jibs masu tsabta ba su yi. Wannan shi ne abin da ke faruwa a tukunya idan aka sa kanwa a miyar yakuwa, kuma daga nan karin maganar nan ta fito, kanwa ta kar tsami.

Idan aka haɗa gwajin biyu, amsa ta fito fili:

- ya narke, ya yi kumfa: kanwa;
- ya narke, bai yi kumfa ba: gishiri ko gwangwarasa;
- bai narke ba, ya yi kumfa: farar ƙasa;
- bai narke ba, bai yi kumfa ba, farce ya karce shi: jibs;
- bai narke ba, bai yi kumfa ba, ya karce kwalba: ƙanƙarar dutse ko yashi.

Kayan kwari ba su cika zuwa tsantsa ba. Manda ko gwangwarasa na iya yin ƴar kumfa saboda kanwar da ke gauraye da su. Ƙarfin kumfar ake dubawa.

Zoɓo, siffa, ɗanɗano da wuta

Ruwan zoɓo ma'auni ne na kyauta. Jan launinsa na zama yadda yake a ruwan gishiri, amma a ruwan kanwa yakan juya ya yi duhu, ya koma shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Dalili shi ne ruwan kanwa kishiyar tsami ne. A ma'aunin pH, inda ruwa mai tsabta ke kan 7, yana kaiwa wajen 10. Santsin da ake ji a yatsu kamar na sabulu alama ce ta wannan hali.

Don raba gishiri da gwangwarasa, a zuba ruwan da aka narkar a faranti, a bar shi ya bushe a inuwa. Gishiri zai fito ƙwayoyi masu kusurwa huɗu daidai wa daida, kamar ƙananan akwatuna. Trona kan fito kamar allurai ko zare. A harshe, gishiri zartsi ne zalla, gwangwarasa na da ɗaci-ɗaci, kanwa kuma bauri da zafi. Ɗanɗano na farin kayan kwari ne kawai, da bakin harshe, a tofar. Ba a ɗanɗana dutse mai sheƙin ƙarfe ko mai launi.

Wuta na warware wata tsohuwar ruɗani. A Najeriya ana kiran kanwa da wani sunan Turanci mai nufin gishirin potasiyom. Amma idan aka barbaɗa garinta a harshen wutar gaz, wutar kan yi rawaya mai ƙarfi, alamar sodiyom. Potasiyom tsantsa launin shunayya mara ƙarfi yake bayarwa. Ma'anar wannan ga manomi: kanwa ba takin zamani ba ce.

Tauri, nauyi da launin gari

Ga duwatsun da ba su narkewa, tauri ake fara dubawa. A 1812 Bajamushe Friedrich Mohs ya jera ma'adinai goma daga mafi laushi zuwa mafi tauri: talk 1, jibs 2, kalsit 3, fuluworit 4, apatit 5, feldispat 6, kwarts 7, topaz 8, korindon 9, daiman 10. Na sama yana karce na ƙasa. Farce yana wajen 2,5, wuƙa da kwalba wajen 5,5. A gutsuren dutsen giranit na Muniyo, ƙwayoyi masu kama da gilashi kwarts ne, masu launin nama ko fari feldispat ne, dukansu kuma sun fi ƙarfin wuƙa.

Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, matasa da yawa na dawowa gida da duwatsu masu ƙyalli. Wanda ya fi yaudara shi ne pirit. Ga bambancin:

- Zinariya laushi gare ta, 2,5 zuwa 3. Wuƙa na yanka ta, guduma na baje ta. Pirit taurinsa 6 zuwa 6,5; idan aka buga shi farfashewa yake yi, da warin farar wuta.
- Zinariya ta fi ruwa nauyi sau 15 zuwa 19; pirit sau 5 kawai.
- Idan aka goga a bayan karo na daɓen ɗaki, zinariya na barin zane rawaya, pirit baƙi mai ratsin kore.

Launin gari ya fi launin jiki gaskiya. Hematit, ko baƙi ne a ido, zanensa ja ne. Manyetit na bin mayen ƙarfe. Kuza, da aka daɗe ana haƙa a Elmiki cikin duwatsun Ayar, ta fi ruwa nauyi kusan sau 7. Galen, dutsen kwalli, mai laushi ne da nauyi, yana tsagewa kusurwa huɗu, kuma dalma ce a cikinsa.

Abin da kuskure ke jawowa

A gona, farin ɓawo na gishiri da na kanwa ba magani ɗaya gare su ba. Ƙasa mai gishiri ana iya wanke ta da ruwa mai daɗi idan akwai magudana. Ƙasa mai kanwa takan daskare, ruwa ya kasa shiga. Irin wannan jibs ake zuba mata kafin a wanke. Gwajin zoɓo da na tsami na taimaka wa mai garka ya san wace ke gabansa.

A jiki, kanwa da manda duk sodiyom ne. Hukumar lafiya ta duniya na ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, kuma kanwar miya na ƙara wa lissafin. A shekarun 1970, likitoci a Zariya sun danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da yawan shan kunun kanwa tare da wankan jego mai zafi. Haka kuma manda da gishirin gargajiya ba a ƙara musu iyod, sinadarin da ke kare maƙoƙo.

Game da duwatsu, abin da ya faru a jihar Zamfara ta Najeriya a 2010 ya isa darasi: yara fiye da 400 sun rasu saboda ana daka dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje. Ba a daka dutsen da ba a sani ba a turmin abinci ko kusa da yara.

Inda gwajin gida ya tsaya

Waɗannan gwaje-gwaje na faɗin sunan ma'adini, amma ba su faɗin abin da ke ɓoye cikinsa kaɗan-kaɗan. Sinadarin fuluwor, misali, ba shi da launi ko ɗanɗano. An same shi da yawa a kanwar gabashin Afirka, kuma shi ne ya lanƙwasa ƙasusuwan yara a Tibiri ta jihar Maradi ta hanyar ruwan rijiyar burtsatse. Gano irinsa, ko sanin giram nawa na zinariya ke cikin tan ɗaya na dutse, aikin ɗakin bincike ne, kamar na Cibiyar binciken ƙasa da ma'adinai, CRGM, da ke Yamai, ko sassan kimiyyar ƙasa na jami'o'i.

Mai son kai samfuri ya ɗebo daga wurare da dama na ramin, ba daga mafi kyau kaɗai ba. Ya shanya, ya zuba a leda mai tsabta, ya rubuta sunan kwarin, zurfin da ranar da aka ɗiba. Ya kuma ajiye rabi a wurinsa, saboda ranar da za a buƙaci sake gwaji.