Ɗaukar Hoto a Ƙarƙashin Ruwa: Kayan Aiki, Dabaru da Halin Ruwan Binuwai

Yanzu da wuya mutum ya buɗe TikTok ko Facebook bai ci karo da bidiyon wani a ƙarƙashin ruwa ba, ruwa shuɗi garau, kifaye na gilmawa ta gabansa. Wannan ya sa matasanmu da ke zaune a Legas, Ibadan, Fatakwal da Anacha suka fara sha'awar abin. Wani zai tara kuɗi ya sayi wayar da aka ce masa ba ta jin ruwa, ya tafi da ita gida Yola lokacin salla, ya tsoma ta a Binuwai. Ko dai hoton ya fito ruwan ƙasa kamar kunun tsamiya, ko kuma wayar ta yi sallama. Ga bayani kan yadda abin yake, domin a tsare dukiya, a tsare rai, kuma a samu hoton da ake nema.

Daga ina abin ya faro?

Hoton ƙarƙashin ruwa na farko da aka sani wani Bature ne mai suna William Thompson ya ɗauka a 1856 a gaɓar Weymouth ta Ingila. Bai shiga ruwan ba, akwati ya sa kyamarar a ciki ya zura. A 1893 wani masanin halittu Bafaranshe, Louis Boutan, ya riƙa nutsewa da kansa da kyamara a gaɓar kudancin Faransa. A 1943 Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙirƙiro na'urar shaƙar iska daga tukunyar da mai nutso ke goyawa a baya, abin da ya ba masu hoto damar daɗewa a ƙasa. A 1963 kamfanin Nikon ya fara sayar da Nikonos, kyamarar da ke shiga ruwa ba tare da akwati ba. Ƙananan kyamarori irin su GoPro ne suka kawo abin hannun kowa.

Nan gida Najeriya ma akwai bidiyon da duniya ta kalla. A watan Mayun 2013 jirgin ruwa mai suna Jascon 4 ya kife a teku daura da gaɓar Neja Delta, ya nutse zurfin kusan mita 30. Masu nutso sun sauka ne da niyyar ɗauko gawa. Kyamarar da ke kan hular ɗayansu ce ta ɗauki hannun Harrison Okene, kukun jirgin, yana miƙowa daga cikin duhu. Ya yi kusan kwana uku a wani lungu da iska ta maƙale, kuma shi kaɗai ya tsira cikin mutum 12. Ka ga ke nan sana'ar ta wuce nishaɗi: masu aikin mai, masu ceto da masu binciken kifi duk suna dogaro da ita.

Abin da ruwa ke yi wa haske

Abu uku ya kamata mai hoto ya riƙe. Na farko, ruwa yana shanye launi. Ja ne ke fara ɓacewa, kafin a kai mita 5 ya dushe, sai ruwan lemo, sai rawaya. Shuɗi ne ke daɗewa, shi ya sa hotunan teku suke fitowa shuɗaye. Na biyu, ruwa yana karya haske, sai abu ya yi kamar ya ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa uku, kuma kamar ya matso kusa. Kifin da ka ga kamar kana iya taɓa shi, da saura. Na uku, duk laka da yashi da ke yawo a ruwa suna mayar da haske cikin idon kyamara. Duk direban da ya taɓa kunna doguwar fitila cikin hazon hunturu a hanyar Numan ya san wannan: ƙara haske, ƙara farin da ke rufe ido.

Sai kuma nauyin ruwa. Kowace mita 10 da aka sauka, matsin da ke kan jiki da kan kyamara yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a tudu. Shi ke sa kunne ciwo, shi ke tura ruwa ta 'yar kafar da ido ba ya gani.

Halin ruwan Yola da Jimeta

Kogin Binuwai yana tasowa ne daga tsaunukan Adamawa ta ƙasar Kamaru, ya ratsa ta gefen Jimeta, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,400 kafin ya haɗu da Neja a Lokoja. Da damina yana kwaso laka daga gonaki da rafuka, musamman daga Yuli zuwa Oktoba. Idan aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka kammala a 1982, abin ya kan ƙaru, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2012 da ta 2022. A wannan lokaci ko tafin hannunka ba ka gani a cikin ruwan, kuma shigarsa ganganci ne.

Lokacin aiki shi ne rani, daga Janairu zuwa Afrilu, sa'ad da ruwa ya ja, yashi ya fito, laka ta kwanta. Ko a lokacin kada a sa ran ganin nesa. Wuri mafi kyau shi ne gefen tsibirin yashi inda ruwa bai wuce gwiwa ko ƙugu ba, ƙasansa yashi ne, yana gudu a hankali. Tafkin Geriyo da ke gefen Jimeta da tafkin Njuwa, wanda mazauna cikin garin Yola irin su Mbamoi suka sani da bikin kamun kifi, ruwa ne kwantacce mai laka da ciyayi. Taku ɗaya ya isa ya gurɓata wurin. A irinsu gara mutum ya zauna cikin kwalekwale ya zura kyamara da sanda.

Kayan aiki

Waya. Alamar IP67 na nufin an gwada ta a zurfin mita 1 na minti 30. IP68 ta fi haka zurfi, amma kowane kamfani da nasa adadin: manyan wayoyin Samsung mita 1.5 ne, iPhone 12 zuwa 15 kuma mita 6, duk na minti 30. A kula, gwajin a ruwa mai tsabta marar gishiri aka yi shi, kuma da sabuwar waya. Wayar da ta sha faɗuwa, ko wadda mai gyara ya taɓa buɗewa ya canja gilashi ko batir, ɗankon da ke tare ruwan ya riga ya saki. Yawancin wayoyin tokumbo ba ka san tarihinsu ba. Kamfanin Apple ma ya bayyana cewa garantinsa bai shafi ɓarnar ruwa ba.

Jakar roba ta waya. Ita ce mafi araha, ana samunta a kasuwannin waya kamar Computer Village ta Ikeja. Kafin ka amince mata, sa takarda mai laushi a ciki, rufe, danne ta cikin bokitin ruwa na rabin awa. In takardar ta fito a bushe, to. Taɓa gilashin waya ba ya aiki a ƙarƙashin ruwa, saboda haka a saita maɓallin ƙara murya ya zama na ɗauka, ko a kunna bidiyo tun daga sama.

Ƙaramar kyamara. GoPro, tun daga samfurin Hero5 na 2016, tana shiga mita 10 haka nan, da akwatin kariya kuma har mita 60. Olympus Tough TG-6 tana kai mita 15, kuma ta ƙware wajen ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, wanda shi ne ya dace da ruwa irin namu.

Akwatin babbar kyamara. Wannan na ƙwararru ne, wani lokaci kuɗinsa ya kan kai na kyamarar ko ya fi. Ransa duka yana kan zoben robar da ke bakin murfi. Ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi ɗaya a kan zoben sun isa su shigar da ruwa. A wurin da yashi da ƙurar hunturu suka yi yawa kamar Jimeta, a rufe akwatin tun a ɗaki, kada a buɗe shi a bakin kogi.

Ƙananan kaya masu muhimmanci: igiyar hannu mai abin da ke sa kyamara ta taso in ta suɓuce, sanda mai tsawo, gilashin ido na nutso, da 'yan ƙullin nan masu shanye danshi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi. Zafin Yola na Maris da Afrilu ya kan haura digiri 40. In kyamara ta gasu a rana aka tsoma ta cikin ruwa mai sanyi, gilashin zai yi raɓa daga ciki. A ajiye ta a inuwa, a sa ƙulli ɗaya cikin akwatin.

Dabaru

Matsa kusa. Wannan ce babbar doka. Duk ruwan da ke tsakaninka da abin da kake ɗauka datti ne a kan hotonka. A Binuwai tazarar kada ta wuce kamu ɗaya. Kada a jawo hoto da zum, lakar kawai ake ƙara wa girma.

Yi aiki da rana, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da haske ke sauka kai tsaye. Kashe filashin waya gaba ɗaya. In dole sai an yi amfani da tocila, a riƙe ta can gefe, nesa da idon kyamara, hasken ya zo a karkace.

Tsaya ta ƙasan ruwa, wato abin da kake ɗauka ya kasance ta inda ruwa ke gangarowa. Lakar da ƙafarka ta tayar sai ta wuce bayanka.

Kalli sama. In ka sa kyamara ƙasa tana duban rana, cikin kwalekwale, hannun masunci da ragar koma za su fito kamar inuwa baƙa a kan haske. Irin wannan hoto ba ya buƙatar ruwa garau, kuma in aka mayar da shi baƙi da fari ya fi kyau.

Rabi sama rabi ƙasa. Ana sa wa kyamara wani gilashi mai siffar ƙoƙo, a tsayar da shi daidai fuskar ruwa. Sama ga masunci da gadar Jimeta daga nesa, ƙasa ga raga da yashi.

Jan gilashin da ake sayarwa don gyara launi an yi shi ne domin shuɗin teku. A ruwan ƙasa mai gajeren zurfi duhu kawai zai ƙara, kada a ɓata kuɗi.

Bayan aiki, musamman a ruwan gishiri na Legas, a jiƙa kaya cikin ruwa mai daɗi, a shanya a inuwa. Kada a sa caji sai ramin ya bushe sarai. In ruwa ya shiga waya, a kashe ta a kai wa mai gyara. Binne ta cikin shinkafa ba magani ba ne.

Me za a ɗauka?

Ba sai an kwaikwayi Turawa ba. Muna da tarwaɗa, ƙarfasa, kurungu, ragon ruwa da giwan ruwa. Muna da aikin masunta: jefa birgi, jan taru, ɗana gora, facin kwalekwale. Bikin Argungu, wanda ya faro a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, kusan duk hotunansa daga tudu ake ɗauka. Wanda ya iya ɗauka daga fuskar ruwa zai zo da abin da ba a saba gani ba. Tafkin Njuwa kuwa ya ja baya ƙwarai saboda cikowar yashi da laka, don haka duk hoton da aka ɗauka yau shaida ce ga 'yan baya. Masu kiwon tarwaɗa ma suna iya zura kyamara su duba yadda kifi ke cin abinci.

Ku da ke Kudu kuna da wuraren koyo da suka fi na gida haske. Kogin Ethiope a Abraka ta Jihar Delta da kogin Azumini a Jihar Abiya an san su da ruwa garau. Tafkin Legas kuwa gurɓatacce ne, bai fi Binuwai ba. Amma makaranta ta farko ita ce wurin ninƙaya na otal, inda akwai mai tsaro.

Kiyaye rai da mutunci

Wanda bai iya ruwa ba, ya tsaya a kwalekwale da rigar ceto a jikinsa. Wanda ya iya ma kada ya shiga shi kaɗai. Jan numfashi da sauri-sauri kafin nutso, wai don a daɗe, yana sa mutum ya suma a ƙasa ba tare da wata alama ba. Tukunyar iska kuwa sai da horo, domin riƙe numfashi yayin tasowa na iya fasa huhu.

Kafin a shiga, a gaida sarkin ruwa ko dattawan masunta na wurin, a tambaye su. Su suka san inda rami yake, inda aka haƙi yashi, inda ruwa ke juyawa, da inda kada ko dorina ke fitowa. Madatsar Kiri da ke Shelleng, misali, an san ta da dorina. Akwai kuma minjirya, kifin da ke jan mutum kamar lantarki, da ƙayar kurungu. Ruwa kwantacce mai dodon koɗi yana ɗauke da tsargiya. Wanda ya ga jini a fitsari bayan shiga irinsa ya je asibiti, akwai maganinta.

Kada a juya kyamara wajen da mata ke wanka ko wanki. Kada a ɗauki yaran mutane ba da izinin iyaye ba. Gada, tashar jiragen ruwa da wuraren mai suna da jami'an tsaro, a nemi izini tukuna. In an yi hatsarin jirgi, a taimaka wajen ceto, yaɗa hoton gawa cin zarafin iyalai ne.

Shawarar ƙarshe ga mai farawa: jakar roba da ka gwada, tsohuwar wayar da ba za ka yi kuka ba in ta mutu, igiyar hannu, da aboki a gefe. Ka fara a ruwan da bai wuce ƙugu ba. In hannu ya faɗa, sannan a yi maganar babbar kyamara.