Wa Zai Ɗauki Nauyi? Shirin Bincike a Talabijin ɗin Yola

Talabijin ta iso Yola ne a hannun gwamnati. An ƙirƙiri Jihar Gongola a 1976, aka kafa hukumar NTA a 1977, Yola ta samu tasharta, daga baya jiha ta buɗe tata, wadda yau muke kira ATV. Mu da muka tashi a Jimeta, abin da akwatin ke nuna mana shi ne gwamna yana buɗe aiki, hawan salla a fadar Lamiɗo, da labarai da Hausa da Fulatanci. Bin diddigin kuɗin kwangila ba ya cikin tsarin. Dokar soja mai lamba 4 ta 1984, wadda ta kai 'yan jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, gidan yari, ta koya wa kowane edita taka-tsantsan.

A 1988 gwamnatin Babangida ta sa NTA cikin hukumomin da za su riƙa nemo wani kaso na kuɗinsu da kansu. Daga nan lokacin tasha ya zama hajar sayarwa. Duk wanda ya kai takardar shirinsa ofishin daraktan shirye-shirye, tambaya ta farko ita ce, "Wa zai ɗauki nauyi?" Nan shirin bincike yake cijewa, domin babu ɗan kwangilar da zai biya a tona masa asiri.

Ƙofa ta ɗan buɗe da dokar 1992 da ta halatta tashoshi masu zaman kansu, har tashar Gotel ta Atiku Abubakar ta bayyana a Yola. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba mu damar neman takardu a hukumance. A 2018 kuma muka ga shirin BBC kan maganin tari mai kodin ya sa gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi.

Ni dai ina gaya wa matasa su kai wa tasha takardar shiri mai tambaya guda. Misali, ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru ya cinye gonaki a bakin Binuwai a 2012: ina tallafin ya shiga? Su haɗa da shaidu, da kasafin kuɗi, da alkawarin jin ta bakin wanda ake zargi. Tashar gwamnati da dukiyar jama'a aka gina ta, don haka manomin da ambaliya ta kwashe wa shinkafa yana da haƙƙin a yi wannan tambaya a madadinsa.