Renon Shugabanci Tsakanin Ɗalibai a Jami’o’in Arewacin Najeriya: Tasirin Aiki Tare Tsakanin Mai Sauka da Mai Hawa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai ke koyon shugabanci daga ’yan uwansu ɗalibai, ta hanyar kwatanta ƙungiyar ɗalibai ta bai ɗaya, wadda ake zaɓen shugabanninta da ƙuri’a, da ƙungiyoyin addini na harabar jami’a. Hujjar da ta kafa ita ce, abin da ke raya wannan reno shi ne tsawon lokacin da mai barin gado da magajinsa suka yi suna aiki tare, kuma duk abin da ya gajarta wannan lokaci yana yanke renon.

Gabatarwa

Wa’adin shugaban ƙungiyar ɗalibai a jami’o’in Najeriya shekarar karatu ɗaya ne, yawancin kwasa-kwasan digirin farko kuwa shekara huɗu ne ko biyar, wanda ke nufin cewa cikin ’yan shekaru duk membobin ƙungiya za su watse, wasu sababbi su maye gurbinsu. Duk da haka akwai ƙungiyoyin da suka haura shekara sittin suna gudana da tsarinsu da al’adunsu, yayin da wasu kan koma kamar jiya aka kafa su duk lokacin da aka yi sabon zaɓe. Abin da ake nufi da renon shugabanci tsakanin ɗalibai a nan shi ne ɗalibin da ya riga wani da aji ɗaya ko biyu ya ja shi a jiki, ya nuna masa aiki, ya gyara masa kuskure, ya kuma gabatar da shi ga waɗanda ake hulɗa da su, ba tare da an biya shi ko hukumar jami’a ta ɗora masa wannan nauyi ba.

Waiwaye a Kan Ayyukan Magabata

Mafi yawan abin da aka rubuta a kan wannan fanni daga Amurka ya fito. Kathy Kram, a littafinta na 1985, ta kasa amfanin reno gida biyu, wato taimakon da ya shafi ci gaban aiki, kamar koyarwa da kariya da fito da mutum a san shi, da kuma taimakon da ya shafi zuciya, kamar shawara da abota da zama abin koyi. A wannan shekarar ita da Lynn Isabella suka nuna cewa tsara ma na iya yi wa tsara da yawa daga cikin waɗannan hidimomi. Maryann Jacobi ta yi bitar fannin a 1991 inda ta tarar da ma’anoni 15 mabambanta na reno, shi kuma Alexander Astin ya tabbatar a 1993 cewa babu abin da ya kai abokan karatu tasiri a kan ɗalibin jami’a.

Saɓanin wannan maƙala da waɗannan ayyuka yana wajen abin da suka ɗauka a matsayin tabbatacce. Kram ta yi nazarinta ne a kan ma’aikatan kamfani, mutanen da kan shekara goma ko ashirin a wuri ɗaya, saboda haka ba ta da dalilin tambayar ko mai reno da wanda ake reno za su sami lokacin haɗuwa. Waɗanda suka ɗauko ra’ayinta zuwa jami’a sun gaji wannan zato, shi ya sa maganin da aka fi bayarwa shi ne a kafa shiri na musamman, a haɗa ɗalibai bibbiyu a kan takarda, a shirya musu bita ta kwana biyu. Akwai kuma ra’ayi na biyu da ya yaɗu a gida, mai kallon duk wani jan jiki tsakanin shugabannin ɗalibai a matsayin siyasar ubangida, irin barantakar da M. G. Smith ya bayyana a nazarinsa na sarautar Zazzau a 1960. Wannan ra’ayi yana da ƙamshin gaskiya, amma ya manta cewa bara yakan daɗe a ƙarƙashin ubangidansa, alhali ɗalibin da ake reno ana shirya shi ne don ya karɓi kujerar cikin watanni. Wanda ya fi kusa da lamarin shi ne ra’ayin Jean Lave da Etienne Wenger na 1991, cewa sabon shiga yana koyon sana’a ne ta hanyar fara ƙananan ayyuka a gefe, sannan a hankali ya matso tsakiya.

Hanyar Bincike

An bi hanyar kwatance, inda aka ɗora tarihin ƙungiyoyin da aka riga aka sani a kan tsarin da suke bi wajen sauya shugabanni, aka kuma duba abin da kowane tsari ke yi wa lokacin aiki tare.

Sakamakon Bincike

Tarihin ƙungiyar ɗalibai ta bai ɗaya cike yake da yankewa. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, a 1978 bayan zanga-zangar da ta biyo bayan ƙarin kuɗin abinci, sai a 1980 aka kafa NANS a madadinta. Bayan kisan ɗalibai a Jami’ar Ahmadu Bello ta Zariya a watan Mayu na 1986 an kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye, sannan Doka ta 47 ta 1989 ta mayar da shiga ƙungiyar ɗalibai ganin dama, ta kuma ba hukuma ikon dakatar da ita. Dakatarwar shekara biyu kawai ta isa ta sa duk waɗanda suka san aikin su kammala karatu su tafi bautar ƙasa, ta yadda ranar da aka ɗage haramcin ba sauran wanda zai koya wa wani. Yajin aikin malaman jami’a ma yana yin irin wannan ɓarna ta wata fuska, domin na 2020 ya ɗauki kusan wata tara, na 2022 kuma wata takwas, kuma idan aka dawo akan matse zangon karatu, ɗan ajin ƙarshe ya duƙufa kan kundin bincikensa, miƙa mulki ya koma bikin yini ɗaya.

Ko da babu haramci, tsarin zaɓen kansa yana rage aiki tare, tunda sau da yawa wanda ya ci zaɓe abokin hamayyar ɓangaren da ke sauka ne, kuma ba a sa ran wanda aka kayar da ɗan takararsa ya zauna ya koya wa wanda ya kayar da shi. Abin da sabon shugaba kan gada shi ne takardar miƙa mulki da littafin rubuta bayanan taro. Takardar za ta gaya masa nawa ya rage a asusu, amma ba za ta gaya masa cewa sauya masu sa hannu a banki na buƙatar bayanan taron da aka yi naɗi da wasiƙar gabatarwa ba, ko cewa takardar neman izinin ɗakin taro da aka kai ofishin kula da harkokin ɗalibai sai an bi sawunta da ƙafa, ko wane malami ne ake fara zuwa wurinsa kafin ƙorafi ya zama rikici. Irin wannan sani ba a rubuta shi, ana ɗaukarsa ne ta hanyar raka wanda ya iya, a tsaya a bayansa a ji yadda yake gaisuwa da yadda yake shigar da buƙata.

A nan ne ƙungiyoyin addini suka yi zarra, kuma wannan shi ne babban abin da binciken ya gano. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Najeriya, wadda aka fi sani da MSS, an kafa ta a Legas a 1954, ita kuma ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS an kafa ta a Gindiri a 1957, kuma dukansu sun ratsa zamanin soja da na farar hula ba tare da sun rasa tsarinsu ba. Ana yawan danganta wannan da ƙarfin imani, amma tsarin aikinsu ya isa ya bayyana da yawa daga ciki. A rassan MSS kwamitin shura ne kan tantance wanda zai zama Amir ko Amira, ba a yin kamfe, kuma wanda za a duba galibi ya riga ya bi matakai: ya shimfiɗa tabarmi a ajin farko, ya koyar da sababbin ɗalibai darasin ƙari kyauta a aji biyu, ya riƙe usra, wato ƙaramin zauren karatu na mako-mako, ko sakatarcin wani kwamiti a aji uku. Kafin ya hau kujera ya yi shekara biyu ko uku yana aiki kafaɗa da kafaɗa da waɗanda zai gada, kuma waɗannan ba abokan hamayyarsa ba ne, su ne ma suka nuna shi. Tsarin ya yi kama da na makarantar allo, inda gardi ke biya wa kolo karatu alhali shi ma bai gama nasa ba. Ƙari a kan haka, ayyukan waɗannan ƙungiyoyi ba su tsaya a harabar jami’a ba, domin suna da rassa a makarantun sakandare da tarukan hutu, irin sansanin horarwa da MSS ke shiryawa, saboda haka ko an rufe jami’a ba a rufe wurin haɗuwarsu ba. Ƙungiyoyin ɗalibai na jiha da na sashen karatu suna tsakiya, suna ɗorewa gwargwadon yadda tsofaffin shugabanninsu suka ci gaba da leƙowa.

Iyakokin Bincike

Dole a yarda cewa wannan nazari ya dogara ne da tarihi da tsari, bai auna ƙwarewar shugabanni da alƙaluma ba, kuma rassa sun bambanta daga jami’a zuwa jami’a. Haka nan tsarin tantancewa yana da nasa aibin, tunda yana iya zama ’yan gida-gida, ya tura mai ra’ayin daban gefe, ya kuma haifar da shugaban da ya iya biyayya fiye da tsayawa gaban hukuma. Sai dai wannan aibi ya shafi wanda ake zaɓa a rena ne, bai rushe hujjar cewa reno na buƙatar lokaci ba.

Shawara

Ba a neman ƙungiyar bai ɗaya ta bar ƙuri’a, domin ƙuri’ar ce halaccinta. Abin da ya kamata shi ne a gudanar da zaɓe tun farkon zangon karatu na biyu, zaɓaɓɓu su yi ragowar zangon suna aiki tare da masu sauka kafin a rantsar da su, a kuma sharɗanta wa mai neman shugabanci ya taɓa riƙe ƙaramin muƙami. Hukumomin jami’a kuma, idan rikici ya taso, su hukunta wanda ya yi laifi su bar ƙungiyar tana aiki.