Hisabin Ranar Ista da Asalin Kalandar Miladiyya

Kwanan watan da muke rubutawa a kan wasiƙa, wanda ke jikin takardar haihuwa da rasit na banki, ya samo asali ne daga wata tambaya ta ibada: wace rana ce Kiristocin duniya za su ajiye azumi su yi bikin Ista tare? Masu mulki da 'yan kasuwa sun ci moriyar kalandar Miladiyya daga baya, amma waɗanda suka gina ta shugabannin ikilisiya ne da malaman hisabi, kuma damuwarsu ita ce tsai da ranar idi. Abin da za mu bi a nan shi ne yadda wannan damuwa, cikin shekara fiye da dubu ɗaya da ɗari biyu, ta haifi lambar shekarar da muke amfani da ita da tsawon shekarar kanta.

Kalanda tsari ne na jera kwanaki cikin watanni da shekaru bisa abin da ake gani a sama, kuma iri uku ce. Akwai ta shamsiyya, mai bin zagayen duniya ga rana, wanda ke ɗaukar kwana 365.2422, ita ce ke tafiya tare da damina da rani. Akwai ta ƙamariyya, mai bin wata. Daga tsayuwa zuwa tsayuwa kwana 29 da rabi ne da ɗan ɗori, don haka wata goma sha biyu suna ba da kwana 354, ƙasa da shekarar shamsiyya da kusan kwana 11. Kalandar Hijiriyya irin wannan ce, shi ya sa azumin Ramadan yake zagaya hunturu da bazara. Ta uku mai haɗa biyun ce, kamar ta Yahudawa, wadda ke bin wata amma takan cusa wata na goma sha uku lokaci-lokaci don kada ta rabu da yanayi. Sai kalmomi biyu da za mu riƙa buƙata. Kabisa ita ce shekarar da aka ƙara wa kwana ɗaya ta zama 366. Daidaito kuwa shi ne ranar da tsawon dare da na yini suke zuwa ɗaya, abin da ke faruwa sau biyu a shekara, a Maris da Satumba. Daidaiton Maris ne ya shafe mu.

Ista shi ne babban idin Kirista, wanda a aƙidarsu suke tunawa da tashin Yesu Almasihu daga matattu. Littattafan Bishara sun ɗaure wannan al'amari da abubuwa biyu: ya faru a lokacin Idin Ƙetarewa na Yahudawa, wanda ke kamawa ranar 14 ga watan Nisan, daren cikar wata, kuma ranar Lahadi ce. Ga mai lissafi, nan wahalar take. Ana so a haɗa ma'auni uku da ba sa shiga juna: mako mai kwana bakwai, wata mai kwana 29 da rabi, da shekarar rana ta Rumawa, wadda Yuliyus Kaisar ya tsara ta fara aiki shekara 45 kafin Miladiyya, bisa shawarar Sosijinis masanin falaki na Iskandariyya, da kabisa ɗaya cikin kowace shekara huɗu. Ilmin warware wannan ƙulli shi ne abin da Latinawa suka kira computus, mu kuwa za mu ce hisabin Ista.

Saɓani ya fara da wuri. A ƙarni na biyu, ikilisiyoyin yankin Asiya, a yammacin Turkiyya ta yau, suna yin idin ranar 14 ga Nisan ko wace rana ta kama a mako, yayin da Roma da Iskandariyya suka tsaya a kan Lahadi. Wajen shekara ta 155 Polikarp, bishop na Simirna, ya je Roma ya tattauna da Bishop Anisetus. Ba wanda ya rinjayi wani, suka rabu lafiya. Wajen 190 Bishop Biktor na Roma ya nemi yanke zumunci da mutanen Asiya a kan batun, sai da Ireniyus na birnin Liyon ya shiga tsakani. Da Sarkin Rumawa Kustantin ya tara bishop-bishop a Nikiya, garin da ake kira Iznik yanzu, a shekara ta 325, an yanke cewa kowa ya yi idin rana ɗaya, ba tare da jiran lissafin Yahudawa ba. Sau da yawa akan jingina wa wannan taro cikakkiyar ƙa'idar, alhali ba ta cikin dokokinsa da suka iso gare mu. Ta kafu ne a hankali daga aikin Iskandariyya: Ista shi ne Lahadin farko bayan cikar watan da ta zo a ranar daidaito ko bayanta, aka kuma ɗauki 21 ga Maris a matsayin ranar daidaiton. Da wannan ƙa'ida idin ba ya gabatar 22 ga Maris, ba ya wuce 25 ga Afrilu.

Ya kamata mu lura cewa ba a fita duban wannan wata, lissafa shi ake yi. Tun shekara 432 kafin Miladiyya, Meton na birnin Atina ya nuna cewa wata 235 sun yi kusan daidai da shekara 19, wato bayan kowace shekara 19 cikar wata takan dawo kan kwanan da ta faro. Malaman Iskandariyya suka ɗora jadawalinsu a kan wannan zagaye, bishop ɗinsu kuma yakan aika wasiƙa kowace shekara yana sanar da ranar idi tun kafin a kama azumi. Waɗannan wasiƙu kan ɗauko wasu batutuwa a hanya: a cikin ta shekarar 367 ne Bishop Atanasiyus ya jera littattafai 27 na Sabon Alkawari kamar yadda suke a yau.

Lambar shekara ta shigo ne ta gefen jadawali. Rahibi shi ne mutumin da ya keɓe kansa ga ibada da karatu, ya bar aure da dukiya. Wani rahibi mai suna Diyonisiyus, wanda ake yi wa laƙabi da Ƙarami, ɗan asalin gaɓar Baƙin Teku mazaunin Roma, ya zauna a shekara ta 525 don ya ci gaba da jadawalin Iskandariyya da ke gab da ƙarewa. Jadawalin yana ƙirga shekaru daga hawan Sarkin Rumawa Diyokiletiyan mulki a 284, sarkin da ya fi kowa tsananta wa Kirista. Diyonisiyus ya ƙi ya ci gaba da raya sunan azzalumi, sai ya ƙirga daga haihuwar Almasihu, ya mai da shekara ta 248 ta Diyokiletiyan ta zama 532, ya tsara shekara 95 daga nan. Bai yi niyyar ba duniya hanyar rubuta tarihi ba, kan layin jadawali kawai ya sauya. Lissafin nasa ma bai dace daidai ba, domin Bisharar Matiyu ta sa haihuwar a zamanin Sarki Hirudus, wanda mafi yawan masana tarihi suke ganin ya mutu shekara 4 kafin Miladiyya. Wannan bai rage amfanin tsarin ba. Abin da ƙirga ke buƙata shi ne mafari guda da kowa ya yarda da shi, kamar yadda Musulmi suka tsai da hijira ta 622 a zamanin Halifa Umar.

Sai da aka yi shekara ɗari biyu kafin lambar ta fita daga jadawali, kuma a can arewacin Ingila ta fita. A masarautar Notumbiriya, al'adu biyu suka haɗu a gida ɗaya. Sarki Oswiyu ya tashi a hannun rahiban da ke bin lissafin Ayalan, matarsa Eanfled kuwa ta zo daga kudu da lissafin Roma. Akan sami shekarar da sarki ya buɗe baki yana shagalin idi da fadawansa, sarauniya da mutanenta suna can da sauran mako guda na azumi. A 664 aka yi taro a Whitby, a gidan ibadar da wata mata mai suna Hilda ke shugabanta, sarki ya saurari hujjar ɓangarorin biyu ya zaɓi Roma. Wanda ya ba mu wannan labari shi ne Beda, rahibin Jarrow, da ya rasu a 735. A 725 ya rubuta littafi kan lissafin zamani, wanda ya buɗe da koyar da ƙirga da yatsu har zuwa 9,999, ya bayyana zagayen shekara 19, ya nuna cewa idan aka ninka shi da zagayen kwanakin mako na shekara 28 ranakun Ista suna maimaita kansu bayan shekara 532, har ya yi magana kan alaƙar wata da cikar teku. A 731 ya kammala tarihin ikilisiyar Ingila, yana ba manyan al'amura shekarunsu da lambar Diyonisiyus. Littattafan biyu sun zama abin karatu a makarantun Turai, musamman a daular Sarki Shalman, inda Alkuwin na Yok yake koyarwa. A ganinmu Beda ne ya fi cancanta a kira uban ƙirgar Miladiyya, domin shi ya nuna cewa za a iya jera tarihin al'ummai daban-daban a kan igiya ɗaya. Duk da haka yaɗuwar ta ɗauki lokaci. Fotugal ba ta bar tsohuwar ƙirgarta ba sai 1422.

Akwai kuskure a gindin ginin. Shekarar Kaisar kwana 365 da rubu'i ce, ta ɗara ta gaskiya da minti 11 da 'yan daƙiƙu, abin da ke taruwa ya zama kwana ɗaya cikin shekara 128. Zagayen Meton shi ma yana kauce wa watan sama da kwana ɗaya cikin shekara ɗari uku da 'yan kai. Tun ƙarni na 13 malami Roja Bekon yake kuka da wannan. Zuwa ƙarni na 16 daidaiton gaskiya ya koma wajen 11 ga Maris, jadawali yana nan yana cewa 21. Fafaroma Girigori na 13 ya kafa kwamiti, wanda ya karɓi shawarar wani likita ɗan kudancin Italiya, Aloisiyus Liliyus, da ya rasu a 1576 bai ga ƙarshen aikin ba. Kiristofa Kilabiyus, malamin lissafi Bajamushe, shi ya kare tsarin ya yi masa sharhi. Dokar ta fito ranar 24 ga Fabrairu 1582 da gyara iri biyu ga shekarar rana. Na farko na take ne: aka share kwana goma, Alhamis 4 ga Oktoba ta wayi gari Juma'a 15 ga Oktoba, ba a taɓa jerin kwanakin mako ba. Teresa ta Abila, shahararriyar mai ibada ta Sifen, ta rasu a daren nan, aka binne ta washegari, wanda a takarda kwana goma sha ɗaya ne tsakani. Na biyu na dindindin ne: shekarar cikar ƙarni ba za ta zama kabisa ba sai in ta rabu da 400. Saboda haka 1600 da 2000 kabisa ne, 1700 da 1800 da 1900 ba kabisa ba ne. Matsakaicin tsawon shekara ya zama kwana 365.2425, kuskuren da ya rage bai kai kwana ɗaya ba sai bayan kimanin shekara dubu uku. An gyara lissafin watan shi ma.

Neman tabbatar da ranar daidaito ya mai da wasu majami'u ɗakunan binciken falaki. A cocin San Petronio na birnin Bolonya, masanin falaki Jobanni Kasini ya huda ƙaramar kafa a rufi a 1655, ya shimfiɗa layin tagulla mai tsawon kusan mita 67 a daɓe daga kudu zuwa arewa. Kowace rana da tsakar rana hasken da ya ratso kafar yakan sauka a kan layin kamar faifai, kusa da ƙarƙashin kafar a watan Yuni, can ƙarshen layin a Disamba. Da auna inda ya sauka da yadda faɗinsa ke sauyawa, Kasini ya sami shaidar da ta goyi bayan lissafin masanin falaki Kepla game da tafiyar duniya da rana, a cikin coci, shekara 22 bayan hukuncin da ikilisiyar Roma ta yi wa masanin falaki Galileyo.

Karɓar gyaran ya bi layin aƙida kafin ya bi na hankali. Sifen da Fotugal da Folan da galibin Italiya sun sauya nan take, Faransa a Disambar shekarar. Furotesta, wato ikilisiyoyin da suka ɓalle daga Roma tun 1517, suka ƙi karɓar umarnin Fafaroma ko da lissafinsa daidai ne. Na Jamus sun jira har 1700. Ingila ta kai 1752, lokacin da gibin ya zama kwana 11, aka tashi daga 2 ga Satumba zuwa 14. Suwidin ta gwada sauyawa da kaɗan-kaɗan, ta rikice, ta koma tsohon tsari ta hanyar yin ranar 30 ga Fabrairu a 1712. Daga ƙarni na 19 kalandar ta rabu da rigarta ta addini ta zama kayan aikin gwamnati da ciniki: Japan ta ɗauka a 1873, Rasha a 1918, Girka a 1923, Turkiyya a 1926. Ta wannan ƙofa ta shigo ƙasar Hausa bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, a jikin takardar haraji da albashi da rajistar makaranta. Ba ta kori abin da ta tarar ba. Bahaushe yana karɓar albashi da Miladiyya, Musulmi yana azumi da layya da Hijiriyya, manomi kuma yana shuka da saukar damina.

Ranar idi ɗaya da taron Nikiya ya nema kuwa har yanzu ba ta samu ba. Ƙibɗawan Masar suna nan suna ƙirga daga 284, ƙirgar da Diyonisiyus ya guje wa, suna kiranta zamanin shahidai. Habasha tana da wata goma sha biyu masu kwana talatin-talatin da ɗan ƙaramin na goma sha uku, tana bayan Miladiyya da shekara bakwai zuwa takwas, ta shiga shekararta ta 2000 ranar 12 ga Satumba 2007. Mafi yawan ikilisiyoyin Otodoks, wato na gabas, suna lissafa Ista da kalandar Kaisar, wadda yanzu take baya da kwana 13, don haka idinsu yakan zo bayan na yamma da mako ɗaya, ko huɗu, ko biyar. Wani lokaci lissafin biyu yakan faɗa kan Lahadi ɗaya, kamar yadda ya faru ranar 20 ga Afrilu 2025, shekara 1,700 cif bayan taron Nikiya. A 2026 sun sake rabuwa: yamma 5 ga Afrilu, gabas 12 ga Afrilu.