Macijin Rumbu: Mu Muna Kashewa, Wasu Suna Kiwo

Bahaushe ba ya kiran sunan maciji da dare. Sai dai ya ce igiyar ƙasa. Ni kaina in ina gabatar da shirin dare a rediyo, zance ya biyo ta kansa, sai in ji harshena ya kauce wa sunan, alhali a ɗakin da nake zaune ko ƙadangare ba ya iya shiga. Tsoron ya daɗe. Labarin asalinmu ma da kisan maciji ya soma: Bayajidda ya sauka Daura, ya nemi ruwa, aka ce masa macijin rijiyar Kusugu ba ya barin a ɗiba sai ranar Juma'a, ya je ya sare masa kai, Daurama ta aure shi. Yaron da ya tashi da wannan labari ya riga ya san abin da jarumi ke yi in ya ga maciji.

Duk da haka ba za a ce Hausawa ba su taɓa kiwon maciji ba. Gardawa sun yi, kuma suna yi. Duk wanda ya girma a Zango ya san yadda ake cika in gardi ya sauke akwatinsa a bakin kasuwa, makaɗi na kiɗa, ya fito da gamsheƙa tana fasa kai, ko ya naɗe mesa a wuya, sannan ya buɗe jakar layu da garin maganin sara. Tare da masu wasa da kura da gwaggon biri suke yawo gari gari, kuma su ne wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi a Nijeriya a 2005, hotunan suka zaga duniya. Amma a lura da irin macijin da gardi ke ajiyewa. Mai dafi yake so, ko kuwa ƙato, domin tsoron jama'a shi ne jarinsa. Wa zai jefa kuɗi don an nuna masa macijin da ba ya kisa?

To, wannan marar kisan nake son mu yi zancensa. A Amurka da Turai da Asiya akwai wani babban dangi na macizai da ake kira macizan ɓera. Ba su da dafin da ke cutar da mutum. Naɗe ɓera suke yi su matse shi har ya mutu, su haɗiye. Ainihin wannan dangi babu shi a ƙasashenmu, amma muna da mai yin aikinsu, wato macijin gida na Afirka: ruwan ƙasa ne ko baƙi-baƙi, wani da zane mai haske a gefen ido, yawanci bai wuce mita ɗaya ba, da dare yake fita. Shi ne ake tararwa a bayan buhunan masara a sito, a yi kururuwa, a kawo taɓarya. Abin da ya kawo shi wurin kuwa ɓera ne, ba mutum ba.

Mu mutanen Zangon Kumasi ya kamata mu fi kowa sanin ɓarnar ɓera, don ya taɓa tayar mana da unguwa. A 1924 annobar da ƙumar ɓera ke yaɗawa ta ɓarke a Kumasi, kuma a Zango ta fi tsanani. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Zango wurin fatake ne: goro na fita Arewa, hatsi da shanu na shigowa, ɗakuna a cunkushe, kaya jibge a inda mutane ke kwana. Inda hatsi ya taru ɓera na taruwa, in cutar ta kashe ɓeran sai ƙumarsa ta koma kan ɗan Adam. Gwamnatin Turawa ta rushe wani sashe na tsohon Zango, ta gina Sabon Zango, aka kuma kafa hukumar kula da lafiyar gari a 1925. Gidajen gwamnati na Asawase sun biyo baya a shekarun 1940. Ke nan layukan da muke takawa yau, ɓera na da hannu a zana su. Kuma bai gama da mu ba: zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, ta fitsari da kashin wani irin ɓera yake shiga abinci, ya kuma ɓulla a nan Ghana.

Abin da ya ba ni mamaki da nake bin wannan tarihi shi ne, a cikin wannan shekara ta 1924 ɗin, gwamnatin Japan ta sa wurin zaman wasu macizan ɓera cikin abubuwan gado na ƙasa da doka ta kare. A garin Iwakuni ne. Can akwai rumbunan shinkafa na sarakunan yankin, macizai suka zauna cikinsu suna cin ɓeraye, kuma aka samu zabiya a cikinsu, farare masu jan ido. Mutanen garin suka ɗauke su alamar arziki, ba sa taɓa su, har suka yaɗu. Da aka zo aka yawaita maganin ɓera, gine-gine suka canja, sai macizan suka soma ƙarewa. A 1972 aka mayar da kariyar kan macijin kansa, yanzu kuma a wuraren kiwo na musamman ake hayayyafa su. Ba ina cewa da kakanninmu sun bar macijin sito da annoba ba ta zo ba. Maciji ɗaya ɓera ɗaya ko biyu yake ci a mako, ba zai share kasuwa ba. Amma dai ga al'ummu biyu masu rumbu da ɓera, ɗaya ta gane abokin aikinta, ɗayar ta ɗauko masa taɓarya.

Kiwon maciji a ɗaki don sha'awa kuwa sabon abu ne ko a wurin Turawa. Ya bunƙasa ne bayan wani likitan fata a Amurka, Bernard Bechtel, ya yi nasarar ƙyanƙyashe zabiyan macijin masara a 1961. Daga nan aka gane ana iya haɗa launi da launi kamar yadda masu tantabara suke yi a unguwanninmu. Macijin masara ya zama gama-gari, sai masu abin suka shiga neman waɗanda ba kowa ke da su ba: wani daga duwatsun Sin mai zanen rawaya da baƙi kamar saƙar kente, wani kore daga Biyetnam mai ɗan ƙaho a hanci, wani baƙi mai ratsin rawaya daga gabashin Rasha. Kowanne da halinsa. Na duwatsun Sin sanyi yake so, zafi na kashe shi, kuma waɗanda aka riƙa kamowa daga daji da farko mutuwa suka yi ta yi, sai da aka koyi hayayyafa su a gida. Ana ajiye su a akwatin gilashi mai murfi, da kwanon ruwa da wurin ɓuya, a ba su mataccen ɓera daga firji. Wasu na kai shekara 15 zuwa 20, don haka wanda ya saya ya ɗauki nauyin da ya fi na akuya daɗewa.

Mu ma muna cikin wannan kasuwa, sai dai ta ƙofar baya. Ƙaramar mesar nan da ke dunƙulewa kamar ƙwallo in ta ji tsoro tana cikin macizan da aka fi kiwo a duniya, kuma daga Ghana da Togo da Benin ta fi fita. Tun da yarjejeniyar CITES kan cinikin namun daji ta soma aiki a 1975, miliyoyi aka ɗora a jirgi. Macijin gidan namu ma ana fitar da shi, yana da masoyansa a Turai saboda sauƙin hali. A Ghana sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji ne ke ba da izinin fitarwa. Maharba kan tono macen da ke ɗauke da ƙwai, a ƙyanƙyashe, a sayar da 'ya'yan, bisa ƙa'ida kuma a mayar da uwar daji. Ramin da ake tono ta na gafiya ne ko na ɓera, a gonar rogo da masara, wato daidai inda take yi wa manomi aiki kyauta.

Kada mai karatu ya ce na ce a riƙa damƙar duk abin da aka gani a sito. Tsoron Bahaushe yana da tushe. Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe-da-nisa, tana kashe manoma da makiyaya a Arewacin Ghana da Nijeriya, har garin Kaltungo a Jihar Gombe ya shahara da asibitin saran maciji. Marigayi Kofi Annan, haifaffen Kumasi, ya sa baki sosai a ƙarshen rayuwarsa kan wannan matsala, kuma a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Akwai kuma wani ɗan baƙin maciji mai zama cikin ƙasa, mai ƙananan idanu da gajeren wutsiya, wanda ake yawan ɗauka macijin gida ne. Haƙorinsa ta gefen baki yake fitowa, ko an riƙe shi ta ƙeya sai ya soki yatsa, kuma mutane sun rasa yatsu a kansa.

Abin da ya ɓata mini rai a duk wannan shi ne inda sanin yake. Gardi da maharbi suna iya bambance waɗannan macizai da kallo ɗaya, amma gardi ya mayar da saninsa asiri don da shi yake ci, maharbi kuma dillalin Akra yake kai wa nasa. Mai sito a kasuwar Asawase, wanda ɓera ke huda wa buhu kowane dare, ba wanda ya taɓa nuna masa ko da hoton macijin da ke taya shi gadi, sai ya kashe shi da safe, da yamma ya aiki yaro sayo maganin ɓera.