Daga Lambu Zuwa Fuloti: Tarihin Fadamun Samaru da Shika

Wanda ya bi hanyar Sakkwato daga Kwangila zuwa Shika a yau, abin da zai gani shi ne gidaje da shaguna da gidajen mai, sun jeru kafaɗa da kafaɗa. Da wuya ya yarda cewa a bayan waɗannan gine-gine, a gaɓar kogin Kubanni da ƙoramun da ke zuba cikinsa, an daɗe ana noman lambu, ana ɗiban ruwa da jigo ana shayar da albasa da tumatir da barkono da rake.

Noma a cikin gari ba baƙon abu ba ne a Zazzau. Waɗanda suka gina ganuwar birnin Zariya ba gidaje kaɗai suka kewaye ba, sun haɗa da gonaki da kududdufai, domin ko maƙiya sun yi wa gari ƙawanya, kada yunwa ta ci mutane. Ke nan magabata sun ɗauki fili a matsayin wani sashe na tsaron gari.

Zuwan Turawa da farko ƙara wa lambu daraja ya yi. Layin dogo ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ya kafu kusa da tasha, ya cika da ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda ba su noma sai dai su saya. A 1922 aka buɗe tashar binciken aikin gona a Samaru, a 1928 kuma aka kafa gonar dabbobi ta Shika, wadda ta zama cibiyar NAPRI a 1976. Sai ga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Kowace daga cikin waɗannan ta kawo sababbin bakunan ci, mai lambu ya sami kasuwa a ƙofar gidansa, har ya koyi shuka latas da karas da kabeji.

To, amma abin da ya kawo kasuwar, shi ne ya zo ya ci filin. Misali mafi kusa shi ne Hanwa. A shekarun 1960, masanin tattalin arziki David Norman ya zaɓe ta cikin ƙauyuka uku na manoma da ya yi nazari a kansu, tare da Doka da Ɗan Mahawayi. Yau Hanwa unguwa ce a cikin gari. Haka Palladan da Zango da Hayin Dogo suka miƙe har suka haɗe da juna. Da Asibitin Koyarwa na jami'ar ya koma mazauninsa na dindindin a Shika a 2005, sai igiyar masu awon filaye ta bi shi can.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, kuma idan aka karɓi gona, diyyar amfanin da ke kanta ake biya, ba ta ƙasar ba. Saboda haka manomin bakin gari ya gwammace ya yanka ya sayar tun kafin a karɓe. Rabon gado ya daddatsa gonaki har kason mutum ɗaya ba ya riƙe iyali. Wani mai lambun ma aro ko haya yake yi, ranar da mai fili ya sami mai saye, ranar zai kwashe fartanyarsa. Ɗakunan haya na ɗalibai kuwa sun fi kwandon tumatir kawo kuɗi. Ko shirin Fadama, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa tun farkon shekarun 1990, injinan ban-ruwa ya samar, bai hana gini hawa fadamar ba.

Asarar ta wuce ta kayan miya. Fadama ita ce masaukin ruwan damina, idan aka toshe ta da bulo, ruwa ya nemi hanya ta ɗakunan mutane. Matashin da aikin rani ke riƙewa a gida ya koma zaman jiran tsammani. Ɗan abin da ya rage na lambuna kuma, sau da yawa ruwan kwatar gari ne ke gangarowa cikin rafin da ake shayar da su.

Wasu ƙasashe sun fuskanci irin wannan suka yi wa tufkar hanci. A Ingila, dokar 1908 ta wajabta wa hukumomin gari samar da 'yan filayen lambu idan mazauna suka nema, ta 1925 kuma ta hana sayar da su ba da izinin minista ba. Ba a ce kada gari ya girma ba. Abin da ake roƙo shi ne a shata gaɓar Kubanni da Galma a taswira a matsayin wurin da ba a gini, a ba masu lambu takardar da za ta kare su. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Garin da ya koya wa Arewa noman zamani bai kamata ya wayi gari ba shi da inda zai shuka alayyafo ba.