Fim, jirgin alhazai da hotunan da muke bari suna lalacewa

Jama'a, tunda maniyyata sun fara shirin tashi, bari in taɓo wani tarihi da ba a cika magana a kai ba: yadda hoto ya riƙa bin alhazanmu zuwa Makka ya dawo.

Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi aikin Hajji a 1921, a jirgin ruwa, har ya biya ta Ingila. Talaka kuwa sai ƙasa, ta Chadi da Sudan, wani ya share shekaru kafin ya dawo, kuma ba ya kawo komai na shaida sai labarin baki. Jirgin sama ya fara sauka Kano a 1925, filin jirgin Kano ya fara aiki a 1936. Zuwa shekarun 1970, da kuɗin man fetur suka shigo, jigilar alhazai ta sama ta zama ruwan dare, kyamara ta shiga cikin tsaraba tare da rediyo da agogo.

Mu da muka taso a Dabawa mun ga ƙarshen wannan zamani. Fim ɗin Kodak ko Fuji hoto 24 ko 36 yake ci, don haka ba a ɗauka barkatai. Sai Alhaji ya dawo, a kai fim Katsina ko Kano a wanke, sannan a san abin da ya fito. A lokacin ba a barin kyamara ta shiga Harami, shi ya sa yawancin hotunan na Arfa ne da Mina, ko na shagon mai hoto, mutum ya tsaya gaban zanen Ka'aba, ko hoton nan-take na Polaroid kusa da raƙumi mai ado.

Fim fa yana da abokan gaba uku: haske, zafi, da na'urar binciken kaya ta filin jirgi. Amurka ta wajabta binciken fasinjoji da jakunkunansu a 1973 saboda yawan fashin jirage, sauran ƙasashe suka bi. Hasken na'urar yana ratsa fim, kuma illar taruwa take yi. Ka lissafa: Kano, Jidda, Jidda kuma a dawowa. Shi ya sa wani hoton yake fitowa kamar an ɗauke shi cikin hazon hunturu, a yi ta zargin mai wanki alhali ba laifinsa ba ne. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka ƙara ƙarfin na'urorin da ke duba manyan jakunkuna. Yanzu kuma wasu filayen sun sa na'urar CT har a kan jakar hannu, kuma Kodak da kanta ta yi gargaɗin cewa wucewa ɗaya tana iya lalata fim.

Na ga wasu yaranmu sun dawo da yayin kyamarar fim. In za ku tashi daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua ko na Kano, kada fim ya shiga babbar jaka. Ku cire shi daga kwali, ku zuba a farar leda, ku isa da wuri, ku roƙi jami'i cikin ladabi ya duba da hannu, musamman mai lamba 800 zuwa sama. In da hali, ku wanke kafin ku dawo, don na'ura ba ta yi wa wankakken fim komai.

Amma abin da ya fi damuna, wallahi, shi ne hotunan da suka riga suka tsallake duk wannan. Suna nan a ƙasan adaka, gara da damina suna ci. Shagunan wanke hoto sun rurrufe, Kodak ma ta nemi kariyar kotu saboda bashi a 2012. Ga rashin tsaro da ya tashi ƙauyuka a yankin Dutsin-Ma da Kurfi, wanda ke gudun ceton rai kuwa ba ya tuna albam.

Don Allah wannan makon kowa ya duba gidansu. Ku ɗauki hotunan da waya, ku adana nagetif in yana nan, ku tambayi tsofaffi sunan kowa da shekarar da ya je, ku rubuta a baya tun masu ganewa suna raye.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kai maniyyata lafiya Ya dawo da su lafiya.